Turmi Goman Gwaggo Tasalla

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba ni baki, ya kuma ja kwanana har na samu damar gyara abin da bakin ya ɓata. Wannan babin naku ne ku 'ya'yana, musamman ke Rabi, da na ji kina gaya wa baƙuwarki wai Shari'a ce ta raba uwarki da wasan kwaikwayo, ciwon bayan nan kuma wai faɗowa na yi daga kan dandali. Duka biyun ba haka ba ne. Ban taɓa faɗowa daga ko'ina ba, ni da na yi shekaru ina wasa a kan benci huɗu da aka ɗaure da igiya. Malaman garin nan kuwa ba su hana ni komai ba sai abin da ya kamata tun farko in hana kaina. Tunda ina raye ma ana ba da labarina a karkace, bari in miƙe shi da hannuna, kada in mutu a ce daga jirgin sama na faɗo.

Ina da shekara huɗu uwata ta rasu, ƙanwar mahaifina, Gwaggo Tasalla, ta ɗauke ni ta tafi da ni Magama. Mace ce siririya kamar sillen kara, mai kaifin harshe, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Yaya Musa, sai ga ni na zama ta biyu. A lokacin an hana shigo da atamfar waje ta bakin iyaka, kasuwar Maraɗi kuwa cike take da ita, matan Katsina da na Kano suna nema ido rufe. Gwaggo takan fita da sassafe siririyarta, ta dawo da la'asar ta yi uku. A gidan wata ƙawarta da ke ƙetaren iyaka ake naɗe mata turmi goma a jiki, ta yafa babban mayafi, ta tako a ƙafa ta bi ta gaban 'yan kwastan tana nishi, tana dafe da kwiɓi. Ba yabon abin nake yi ba. Doka ta hana, ita ma ta san ta hana. Abin da ya ciyar da ni ya kai ni makaranta nake faɗa muku. In wani ma'aikaci ya tare ta yana kallon girman jikin, amsarta ɗaya ce kullum:

"Kumburi ne, ɗana. Likita ya ce kada a taɓa, taɓawa ka sa shi hwashewa."

In ta shigo gida sai ta tura ƙyaure, ta miƙo mini bakin turmin farko, ta ce in riƙe da kyau. Ni ina ja, ita tana juyawa a tsakar ɗaki, tana ramewa a gaban idona, tana cewa ga magani ya fara aiki, ga kumburi yana sauka. Nakan yi dariya har in zube a kan tabarma. Wannan shi ne wasan kwaikwayo na farko da na kalla a duniya, kuma har yau ban ga wanda ya fi shi ba.

Allah ya yi ni da kunne mai ɗaukar murya da ido mai ɗaukar tafiya. Mutum ya wuce ta gabana sau biyu, to na riƙe shi. Tun ina yarinya ake kirana gidan biki in yi wa mata kwaikwayon mai tallan kifi ko limamin da ke jan tari kafin kabbara. Bayan na auri mahaifinku, Malam Sani tela, na dawo cikin Jibiya ina koyar da matan aure a ajin yaƙi da jahilci, sai wasu malaman makaranta suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo suka neme ni. Mahaifinku ya yarda, bisa sharaɗin a riƙa dawowa kafin magariba. Da na ga wasannin da suke kawowa duk na birni ne, babu ko ƙamshin garinmu a ciki, sai na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare na fara rubuta namu. Na sa direba mai motar da kullum sai an tura. Na sa ɗan kwastan mai gyangyaɗi a kan kujera. Na sa tela mai atishawar da ke korar kaji. Sannan na sa Hajiya Kumbura, wadda ke fita siririya ta dawo ƙatuwa. Matashin kai biyu nake cusawa cikin riga, in dafe kwiɓi, in saki nishin nan, in ce kumburi ne ɗana. Ranar farko da muka yi shi a filin makaranta, wani dattijo ya yi dariya har aka ɗauke shi aka kai inuwa ana yi masa fifita.

Daga nan wani mai shagon kaset ya ɗauki muryoyinmu, direbobin hanyar Maraɗi suka yi ta sawa a mota. Sunana ya ɓace, ko a asibiti Hajiya Kumbura ake kirana, ni kuwa kai ya yi girma. Ko sau ɗaya ban tsaya na yi tunanin cewa mai nishin tana raye ba, kuma tana shiga mota. Ran nan Gwaggo ta shiga motar Isufu, wani direba Bamaraɗe, za ta gaisuwar rasuwa. Ya sa kaset. Ta ji nishinta, ta ji maganarta har da yadda take jan kalmar likita. Mota ta kaure da dariya, Isufu ya waiwayo yana share hawaye ya ce, ai ga mai abin nan a bayanku. Aka ce mini da aka sauke ta ko waiwaye ba ta yi ba. Da Babbar Sallah ta zo na aika mata da cinyar rago, aka dawo mini da ita a cikin kwanon da na aika. Na je da kaina, ta ce a ce tana barci, alhali ina jin muryarta tana yi wa akuya faɗa. Ba a daɗe ba ta tattara ta koma Riko wurin Yaya Musa. Shekara huɗu ba ta yi mini magana ba. Abin yana cina a rai, amma ina da taurin kai irin nata, nakan ce wa kaina ai wasa ne, tsohuwa ce ta cika fushi.

Ana nan sai aka fara Shari'a a jiharmu. Ku da kuke yara lokacin ba za ku tuna yadda garin ya koma ba. Kowa ya shiga taitayinsa, mahaifinku ya yi ta ɗinkin hijabi har keken yana zafi, makaɗa suka rataye ganguna suna jiran su ga inda iska za ta kaɗa. Aka kafa kwamitin malamai a garin, suka aika a kira masu kiɗa da masu gidan kallo da 'yan wasa, kowa da ranarsa. Mazan ƙungiyarmu duk suka ce suna da uzuri. Ni na ɗauki littattafaina guda shida, mahaifinku ya raka ni.

Shugaban kwamitin, Malam Haruna, dattijo ne mai sanyin magana, na kuma san shi, don na sha hango shi a bayan taro ranar wasa ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Ya karɓi littattafan ya yi ta buɗawa. Ya ce babu batsa, babu zagi, har akwai wa'azi a ciki in mutum ya lura. Ya ce daga yanzu mata su yi wa mata, da rana, ba cuɗanya da maza. Na ce na ji, na yarda. Har na fara tattara mayafi zan tashi, sai ya tambaye ni, mutanen nan na cikin wasa ƙirƙiro su na yi, ko kuwa akwai su? Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma an taɓo inda nake taƙama, sai na gyara zama na ce, Allah ya gafarta malam, ai ni ba na ƙirƙirar mutum, duk wanda ka gani a nan yana raye, yana cin tuwo, in ka fita yanzu za ka iya cin karo da shi. Mahaifinku ya taka mini ƙafa, amma magana ta riga ta fita.

Malam Haruna ya rufe littafin a hankali. Ya yi mini bayani cewa kwaikwayon tafiyar mutum ko maganarsa a bayan idonsa don a yi masa dariya, shi ma cin naman mutum ne, kuma hakki ne da ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe da bakinsa. Ya tambayi mutum nawa ne, na ce huɗu. Ya jawo akwatinsa ya sa littattafaina duka shida a ciki.

"Malama Binta, kowannensu ya zo ya gaya mini ya yafe, ko ya aiko wanda na yarda da shi. Ranar da na huɗun ya zo, ki zo ki ɗauki kayanki, ki yi wa mata wasanki ranar Sallah. In ɗaya ya ƙi, suna nan wurina."

Littattafan nan aikin shekara tara ne, ba ni da kwafin ko ɗaya. Muna fita mahaifinku ya ce da ma ya san wata rana bakin nan zai ja mana. Na ce to tunda shi ne tela mai atishawa, sai ya fara yafewa mu rage aiki. Ya ce ya yafe in zan daina yin atishawar a gaban abokansa. Na yi alkawari. Ku shaida ne ban cika shi sosai ba, amma shi ma Allah ya ji ƙansa bai taɓa riƙe ni da shi ba.

Na biyu Isufu direba. Na same shi a tasha ya buɗe gaban mota yana zuba ruwa, na yi masa bayani ina sunkuyar da kai, ina jiran faɗa. Sai ya ajiye galan ya dube ni kamar na zo da labarin mutuwa, ya tambaya ko cire shi za a yi daga wasan.

"Haba madam, kada ki yi mini haka. Tun da kinka sa ni cikin kaset, har 'yan duwan, wato kwastan ɗin ƙasarmu, da jandarma sun san ni, hwasinja kau motata suka nema. Na yahe duniya da lahira. Abu guda za ki gyara, ba kullum a ka tura ta ba, sai ran da ta kwana waje."

Na tambaye shi ina take kwana sauran ranakun, ya ce a waje. A ranar ya je wurin Malam Haruna, aka ce sai da aka tura motar kafin ya bar ƙofar gidan.

Na uku shi na fi jin nauyi, Malam Ladan, tsohon ɗan kwastan da ya yi ritaya ya zauna a garinmu yana kiwon tantabaru. Shi ne na mayar sakarai mai gyangyaɗi, wanda Hajiya Kumbura ke wucewa ta gabansa kullum. Ya saurare ni yana watsa wa tantabaru dawa. Da na gama ya ce abin da ya ɓata masa rai ba gyangyaɗin ba ne, don yana yi, ƙaryar da na yi masa ce. Ya ce wane mai ido ne zai ga mace ta wuce da safe kamar tsinke, ta dawo da yamma ƙofa ba ta ɗaukarta, sau biyu a mako, shekara da shekaru, ya ce kumburi ne? Ya ce ya sani tun ranar farko. Shi dai ba zai sa hannu a jikin matar mutane ba, kuma yana ganin wata 'yar yarinya da ke zama a kan dutse a bakin hanya tana jiran ta. Ya dube ni ya ce yarinyar tana da manyan kunnuwa, yana ganin har yanzu ba su ragu ba. Ya yafe, amma ya roƙe ni kada in gaya wa Tasalla, don ta yi shekara talatin tana jin daɗin ta fi shi wayo, bai ga dalilin ƙwace mata ba. Ban gaya mata ba har ta koma ga Allah. Ku ne na farko da kuka ji.

Saura Gwaggo. Na yi kwana goma sha ina neman dalilin fasa zuwa, Sallah kuwa tana matsowa. Ran wata Laraba, ana tsakiyar bazara, na shiga motar Riko da hantsi. Na same ta a tsakar gidan Yaya Musa tana ɓarar gyaɗa a gindin bedi, wato dogon yaro, ta ƙara ƙanƙancewa, amma idon nan yana nan yadda na san shi. Na yi sallama, ta amsa sallamar kawai, don wannan wajibi ne. Na durƙusa na kwashe labari duka na gaya mata, tun daga kwamiti har akwatin Malam Haruna. Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, ashe malam ne ya aiko ni, ba zuciyata ba. Na so in musa, na ga ba amfani, na ce haka ne Gwaggo. Ina jin wannan gaskiyar ce ta sa ba ta kore ni ba. Ta ture faifan gefe.

"Ni ban taɓa ganin abin ba, ji na yi cikin mota. Tashi ki yi shi in gani."

Matar Yaya Musa ta ɗauko mini matashin kai biyu, na cusa, na yafa mayafi, na tako daga bakin zaure ina nishi. Matan gidan suka cije leɓe, wata ta ruga bayan rumbu, ina jin ta tana shaƙewa. Gwaggo ko gezau. Da na gama ta yafito ni, ta sa yatsa ta latsa cikin nawa, yatsan ya nutse cikin auduga. Ta tambaya, da wannan nake yin ta? Na ce da shi. Ta juya ta ce wa matar Yaya Musa ta fito da akwatin lefen 'yarta da aka kawo makon jiya. Baiwar Allah ta fara cewa ai kayan amarya ne, ko ɗinkawa ba a yi ba, Gwaggo ta dube ta sau ɗaya, sai ga akwati a tsakar ɗaki. Aka ƙirga atamfa bakwai, aka aika maƙwabta aka aro uku.

Da hannunta ta naɗa mini. Ashe ba daga ƙugu ake farawa ba, daga ƙarƙashin hammata ne. Kafin kowane ɗauri sai ta ce in fitar da numfashi duka, sannan ta ja ta ɗaure da tsumma. Sabuwar atamfa kuwa kun san ta, ƙandas take kamar takarda, bakinta yana da kaifi. A turmi na huɗu na daina jin daɗin wasan. A na bakwai hannuwana suka ƙi sauka, suka tsaya a buɗe kamar na kazar da zafi ya dama. Biyun ƙarshe a cinyoyi ta naɗa su. Na ce a ba ni ruwa, ta ce a'a, mai wannan kaya ba ta shan ruwa tun asuba, don in fitsari ya kama ta ba ta iya tsugunawa. Ta yafa mini mayafi, ta ɗauki sandarta, ta ce mu je gindin tsamiyar bakin hanya mu dawo, tsawon tafiyar kusan ɗaya ne da na ƙetare iyaka.

Rana tana tsaka muka fita. Ina gaba tana baya. Matan Riko da suka gan ni na shigo da safe daidai ni, suka yi ta leƙowa ta kan danga suna salati. Wata tsohuwa ta tare mu ta ce, wayyo Binta, me ya same ki haka da rana tsaka, Gwaggo ta amsa daga bayana cewa kumburi ne, kada a taɓa. Ban iya dariya ba, babu wurin da dariyar za ta fito. Gumi ya jiƙa turmin ciki, bakin atamfar ya fara yankar hammatata da kwiɓina, kowane taku sai na ji kamar ana goga mini barkono. Da muka isa tsamiya na so in zauna a kan saiwa, jikin ya ƙi lanƙwasuwa, sai jingina na yi da itacen kamar buhu. A nan nishin ya fito da kansa. Ba irin wanda nake yi a dandali ba ne, mai tsawo da ado. Gajere ne, daga can ƙasa, kuma na gane shi nan take, don shi nake ji in Gwaggo ta shigo gida kafin ta tura ƙyaure. Na tambaye ta a mota fa, yaya take yi. Ta ce ba ta zama, shi ya sa take takowa a ƙafa.

Da muka koma ɗaki ta kama bakin turmin farko ta ce in juya. Ina juyawa tana ja, kamar yadda muke yi da, sai dai mun yi musanyar wuri. Da na ƙarshe ya faɗi na duba jikina, duk ya yi jajayen layuka, wasu suna tsattsafar jini. Sai ta ɗaga gefen rigarta. Tun daga hammata har ƙugu baƙaƙen tabo ne a jere, sun zama kamar zanen ƙwarya. Na zauna da matar nan shekara goma sha huɗu, na haddace nishinta da tafiyarta da yadda take jan kalma, amma ban taɓa ganin wannan ba. Na ce Gwaggo, to me ya sa kike dariya lokacin, kina juyawa kina cewa magani ya yi aiki?

"Ɗiya marar uwa na tsaye tana kallona, mi za ni yi? In yi mata kuka?"

Na yi kuka ranar irin wanda ban yi ba tun ina yarinya, kunya da tausayi suka haɗu suka rufe ni. Ta bar ni na yi mai isata. Can sai na ji wani sauti, na ɗaga kai, ashe dariya take yi, har tana riƙe ciki. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin tafiya mai muni irin wadda na yi zuwa tsamiya ba, agwagwa ma ta fi ni tsari, da ni ce mai sana'ar da tun ranar farko an kama ni. Matar Yaya Musa tana gefe tana shanya kayan lefe tana ƙunƙuni, wannan ma ya ƙara mana dariya. Sai da muka lafa Gwaggo ta kama hannuna.

"Ba dariyar ta ɓata mini rai ba, Binta, ni na koya miki ita. Audugar ce. Kin sa mutane sun ɗauka abin ba shi da wuya. Na yahe miki. Amma in za ki yi ni, ki yi ni da turmi goma."

Na ce na yi alkawari. Washegari ta ƙi a aika kowa, ta shiga mota da kanta ta je wurin Malam Haruna. Aka ce ta gaya masa ta yafe, ta kuma ƙara da cewa shi ma ya nemi gafararta, don an ba ta labarin yana cikin masu dariya. Ya nema, ta ba shi. Da la'asar aka kawo mini littattafaina shida har gida.

Kafin Sallah na sake rubuta wasan. Na bar duk abin dariyar, na ƙara wurin da ake naɗa kayan a gaban 'yan kallo, da wurin da Hajiya Kumbura ta isa gida tana juyawa marainiya tana ja. Mahaifinku ya haɗo mini turmi goma daga wurin abokan cinikinsa. Muka yi shi a farfajiyar Islamiyyar mata bayan azahar, muryoyin maza kuwa mata ne suka yi su daga bayan labule, wata malamar asibiti ta yi Isufu har ta fi shi. Gwaggo tana layin gaba, ba ta bar ni na yi taku uku ba tare da gyara ba, tana ɗaga sanda tana cewa in rage sauri, mai turmi goma ba ta sauri. Aka yi dariya fiye da ta filin makaranta. Amma da aka zo wurin juyawa, sai na ga tsofaffi nan da can suna share ido da bakin mayafi. Bayan an tashi, mata fiye da goma suka zo suka kama hannuna, kowacce ta ce ita ma ta yi. Wasu cikinsu ina gaishe su kullum a hanya, ban taɓa sani ba.

Shekara bakwai na yi ina wasan nan a taron mata, daga Bugaje har cikin Katsina, har ƙetare wurin 'yan'uwanmu na Maraɗi, kuma ban taɓa rage turmi ɗaya ba. A shekara ta biyar Gwaggo ta rasu, a hannuna, muna shiri. Bayan nan bayana ya fara ciwo, likita ya ce ko in daina ɗaura kayan nan ko wata rana a ɗauke ni a kwance. Ya ce in koma matashin kai mana, wa zai gane? Mahaifinku ma ya ce ai mai sharaɗin ta tafi, ba za ta sani ba. Na yi kwanaki ina juya maganar, don ina son dandali kamar raina, kuma har yau in na ji taron mata suna dariya sai ƙafata ta yi ƙaiƙayi. Amma na kasa. Na naɗe kayana na ajiye, na koma kan tabarma da biro, daga nan duk wasannin rediyo da littattafan da kuka sani suka fito. Na yi kewar wasa ƙwarai, ban kuma yi nadama ba.

To Rabi, ga abin da za ki riƙa gaya wa baƙinki. Kuma na ji 'yarki, takwarar Gwaggo, tana cewa tana son ta yi Hajiya Kumbura a bikin makarantarsu, har ta fara gwada nishi a bayan ɗaki. Ta iya, kunnuwana ta ɗauko. Ban hana ta ba. Ki ce mata littafin yana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, a can ƙasa. Turamen goma suna samansa, sai ta ɗaga su za ta kai gare shi.